Daga Suez zuwa Baro: wa ke yashe mana Kwara?

Duk wanda ya yi aikin jirgin ruwa zai gaya maka cewa hankalin matuƙi ya fi kwanciya a tsakiyar teku. A can sai a yi kwanaki ba a ga kowa ba, na'ura na riƙe da sitiyari, kai kuma idonka na kan rada da sararin sama. Inda gumi ke karyo wa kyaftin shi ne inda ƙasa ta matso ta dama da ta hagu, wato bakin tasha da mashigan ruwan da ɗan Adam ya haƙa da hannunsa. Ni jami'i ne a ɗakin tuƙi na jiragen dakon kaya, iyalina na zaune a arewacin Jamus, amma a Yawuri aka yanke mini cibiya, a bakin Kwara. Aiki ya bi da ni ta Suez da Panama da Kiel, kuma abin da na tsaya a kai shi ne, haƙa mashigi shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne a samu 'yan ƙasa da suka san ruwan ciki da bai, a kuma samu hukumar da ke yashe shi kullum, ko da babu wani babban baƙo da zai zo. A nan ne muka yi sake, mu da Allah ya hore wa manyan koguna biyu.

Suez ba shi da wani abin burge ido. Dogon rami ne mai kilomita 193, daga Port Sa'id a bakin Bahar Rum zuwa garin Suez a bakin Bahar Maliya, ba ƙofa ba hawa, domin tekunan biyu kusan kai ɗaya suke. An buɗe shi a Nuwamban 1869 bayan shekara 10 ana haƙa, kuma a shekarun farko talakawan Masar aka riƙa kwasowa daga ƙauyuka ana sa su aikin tilas da fartanya da kwando. Ba a shigarsa yadda aka ga dama. Ka iso, ka saki anka a wajen gari, ka jira a kira sunan jirginka a rediyo a ba ka lamba a cikin ayari. Kafin asuba sai ƙaramin kwale-kwale mai inji ya raɓo jikin jirgi, mu sauke tsanin igiya, sai ga mutum ya hauro da 'yar jaka a kafaɗa, sau da yawa dattijo mai furfura. Shi ne jagoran mashigi. Ya yi sallama, ya karɓi shayi, ya tambayi iya zurfin da jirgi ya nitse da yadda inji ke amsawa, daga nan kuma bakinsa kowa ke kallo. Akwai wasu mutanen da ake ɗauka har da kwale-kwalensu, a ɗaga shi da ƙugiya a rataye a gefen jirgi, saboda in wani abu ya taso a sauke su su kai igiya gaɓa a ɗaure. In ka nufi kudu, hannunka na dama gonaki ne da dabino da masallatai, har kiran sallar asuba kana jiyowa daga saman jirgi, na hagu kuma yashin Sina'i ne iya ganinka. A Isma'iliyya jagora ya sauka, wani ya hau.

Wahalar tuƙi a nan ba ta ganuwa daga gaɓa. Jirgi mai faɗin mita 50 ko 60 in ya shiga ƙuntataccen wuri, ruwan da yake turewa ba shi da inda zai bi sai ta ƙarƙashinsa da gefensa, kuma da gudu yake bi. Gudun nan kan ja cikin jirgi ƙasa, ya ja bayansa zuwa gaɓar da ta fi kusa, goshinsa kuwa ya kauce ya nufi ɗaya gaɓar. In ka ƙara wuta abin ya ƙaru, in ka rage da yawa sitiyari ya daina ji. Shi ya sa tafiyar ba ta wuce kilomita 14 zuwa 16 a awa, kuma na'ura ba ta tuƙi a nan, mutum ne ke tsaye da sitiyari a hannu. Jagora ya faɗi umarni, mai sitiyari ya maimaita da ƙarfi, ya aikata, ya sake faɗa cewa ya aikata, ni kuma ina gefe ina duba allo don in tabbata an juya ta inda aka ce. Haka za a yi awa goma sha wani abu. Ranar da iskar hamada ta taso, tulin kwantenan da ke saman jirgi su tare ta, sai ka ga jirgi na tafiya a karkace.

Irin wannan rana ce ta rutsa da Ever Given a 23 ga Maris 2021. Iska da ƙura da sauri suka haɗu, jirgin mai tsawon mita 400 ya soke goshinsa a gaɓar gabas, bayansa ya tokare ta yamma. Kwana 6 hanya a toshe, jirage fiye da 400 suna jira. Duniya ta yi ta yaɗa hoton wata 'yar motar haƙa a gindin ƙaton jirgin. Mu masu sana'ar wani abu daban muke kallo. Jirgin yasa mai suna Mashhur, mallakin hukumar mashigin, shi ya tsotse yashin da ke ƙarƙashin goshin, jiragen ja suka taru, ƙwararru daga Holan suka zo, aka jira cikar teku ta lokacin da farin wata ya cika aka fizgo shi a ranar 29. Mashhur ba ranar aka sayo shi ba, kuma ba ranar aka koya wa mutanensa aiki ba. Yana nan dama, yana aikinsa na yau da kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Misirawa sun koyi wannan ne da wuya. A 26 ga Yuli 1956 Jamal Abdul Nasir ya tsaya a Iskandariyya ya sanar da cewa mashigin ya koma hannun ƙasa, bayan Amurka da Ingila sun janye alƙawarin kuɗin gina madatsar Aswan. Ambaton sunan de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin, a cikin jawabin shi ne alamar da injiniya Mahmud Yunus da mutanensa ke jira, suka shiga ofisoshin kamfanin Turawan da ke riƙe da mashigin suka karɓe. Karɓe ofis abu ne mai sauƙi. Jarrabawar ta zo a tsakiyar Satumba, lokacin da mafi yawan jagororin Turawa suka ajiye aiki rana ɗaya, da tunanin jirage za su cushe, duniya ta ce Larabawa ba za su iya ba. Jagororin Masar 'yan kaɗan ne, amma su da Girkawan da suka ƙi tafiya suka riƙa kwana a kan jirage, ayari bai tsaya ba. Da dabarar ta ƙi ci sai aka koma ga bindiga, Isra'ila da Ingila da Faransa suka kai hari a ƙarshen Oktoba. An sake rufe mashigin daga 1967 zuwa 1975, jirage 15 suka maƙale a ciki tsawon shekara 8. Duk da haka hukumar ba ta watse ba. Yau tana da cibiyar horar da jagorori a Isma'iliyya, tana da wuraren gyaran jiragenta, tana da jiragen yasa nata na kanta. Dattijon nan da ke hauro mana tsanin igiya, magajin mutanen 1956 ne, kuma duk lokacin da na miƙa masa hannu nakan ji girmansa a raina.

A 2014 da aka tashi haƙa sabon layi mai kilomita 35 don jirage su riƙa giftawa, takardun zuba jari aka sayar wa Misirawa kawai, suka tara fam biliyan 64 na kuɗinsu cikin kwana 8, aka buɗe aikin a Agustan 2015. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023 mashigin ya kawo dala biliyan 9.4. Sai kuma hare-haren 'yan Huthi a Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, daga ƙarshen 2023 suka kori manyan kamfanoni zuwa zagayen Afirka ta Kudu, kuɗin shigar 2024 ya faɗi da fiye da rabi. A wurinmu zagayen nan ƙarin kwana goma ne ko fiye, cikin teku mai hauka, kuma ƙarin kuɗin mai da inshora a kan mai saye yake ƙarewa, har da mai sayen kaya a Kantin Kwari.

Panama kuwa tudu ake hawa da jirgi. Tsawonsa wajen kilomita 80 ne kawai, amma tsakiyarsa tabki ne, tabkin Gatun, wanda ya ɗara teku tsayi da mita 26. Daga ɓangaren Atlantika jirgi kan shiga ɗakunan ruwa uku a jere. A shiga na farko, a rufe ƙofar ƙarfe ta baya, a sako ruwa ta ramukan da ke ƙasan ɗakin, jirgi da kayansa duka ya yi ta ɗagawa a hankali har ya yi kai ɗaya da ɗaki na gaba, a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Babu famfon da ke tura ruwan, gangarowa yake yi da kansa daga tabki. Bayan an ratsa tabkin da yankan dutsen Kulebra, a sauka ɗaki ɗaya a Pedro Miguel, biyu a Miraflores, sai tekun Pasifik. Tsofaffin ɗakunan faɗinsu mita 33.5 ne, jirgin da aka ƙera daidai da su kuma mita 32.3, wato tazarar da ke tsakaninka da bangon siminti santimita 60 ce ta kowane gefe. Ina tsaye a goshin jirgi da oba-oba a hannu, ina kallon gansakukar bango da zanen da wasu jirage suka bari a jikinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wannan wuri mai cike da na'urori, mutum biyu ne ke tuƙo ƙaramin kwale-kwale da filafili su zo gaban ƙaton jirgi su haɗa igiya. Da ita ake jawo wayoyin ƙarfe da ke haɗa mu da ƙananan jiragen ƙasa masu lantarki, waɗanda ma'aikatan ke kira alfadarai. Su ke riƙe jirgi a tsakiya, jagora na ba su umarni, suna amsawa da ƙararrawa. An buɗe mashigin a 15 ga Agusta 1914, kuma ɗakunan da ƙofofinsu har yau suna aiki, saboda ana rufe layi lokaci-lokaci a zuƙe ruwan a shiga a gyara.

A kusan ko'ina a duniya jagora shawara yake bayarwa, alhakin jirgi na wuyan kyaftin. A Panama jagora ne ke karɓar ragamar tuƙi gaba ɗaya. Na ga kyaftin da ya tsufa a teku ya koma gefe ya harɗe hannu, wani ɗan Panama da bai kai shi shekaru ba yana juya masa jirgi. Ƙasa ba ta kafa irin wannan doka sai ta amince da horon da ta ba mutanenta.

Ba da araha aka samu wannan ruwa ba. Faransawa sun fara a 1881, a ƙarƙashin de Lesseps ɗin nan na Suez, suka kasa a 1889 bayan zazzaɓin cizon sauro da shawara da zaftarewar ƙasa sun ci mutum wajen 22,000. Amurkawa suka karɓa a 1904, suka fara da yaƙar sauro, amma su ma sun rasa wajen 5,600, mafi yawansu baƙaƙen fata daga Barbados da Jamaika da sauran tsibiran yankin, waɗanda aka ware wa albashi daban da wurin kwana daban. In muna ratsa Kulebra nakan tuna da su in yi shiru. Daga baya kuma 'yan Panama suka wayi gari da wani yanki a tsakiyar ƙasarsu da tutar Amurka ke kaɗawa a kai. A 9 ga Janairu 1964 ɗalibai suka je kafa tutarsu, rikici ya ɓarke, fiye da mutum 20 suka mutu. Yarjejeniyar da shugabannin Panama da Amurka, Torrijos da Carter, suka ƙulla a 1977 ce ta sa ranar miƙa mashigin, 31 ga Disamba 1999. A duba tazarar nan da kyau. Shekara 20 da wani abu aka yi ana shigar da 'yan ƙasa aiki mataki-mataki, daga 1990 ma ɗan Panama ne ke shugabancin hukumar. An yi ta cewa za su lalata shi. Maimakon haka, a 2006 suka kai maganar faɗaɗa shi gaban jama'a aka kaɗa ƙuri'a, a Yunin 2016 suka buɗe sababbin ɗakuna masu faɗin mita 55.

Su ma suna da nasu ciwon. Duk jirgin da ya wuce ta tsofaffin ɗakunan, ruwan daɗi wajen lita miliyan 200 ke zubewa teku, kuma daga tabkunan nan kusan rabin mutanen ƙasar ke sha. Da fari ya zo a 2023, jiragen da ke wucewa a rana suka ragu daga 36 zuwa 24 har ƙasa da haka, aka rage nauyin da jirgi zai ɗauka, wani kamfani ya biya kusan dala miliyan 4 don kawai ya tsallake layi. Abin da na yaba shi ne, tun watanni kafin abin ya tsananta hukumar ke aiko da sanarwa: ga tsayin tabki yau, ga iya zurfin da za a yarda jirgi ya nitse daga ranar kaza. Mai jirgi ya san abin da zai loda tun yana Shanghai.

Kiel shi ne na kusa da gidana, kuma shi ne mafi sanyin hali. Kilomita 98 ne daga Brunsbüttel a bakin kogin Elbe zuwa Kiel, an buɗe shi a 1895 don jirage su huta da zagaye Denmak. Kana ɗakin tuƙi kana kallon shanu na kiwo, masu keke na bin gefen ruwa, wani ma ya wuce ka. A manyan jirage, ban da jagora, har masu riƙe sitiyari na mashigin ne ke hawa, mutanen da ba su da wata sana'a sai tuƙi a wannan ruwa. Kuma da yake mashigin ya raba gonaki da hanyoyin mutane, jiragen fito da ke tsallakar da jama'a da motoci kyauta ne har gobe. Kada a ɗauka Jamusawa ba sa sake. Sun bar manyan ƙofofin Brunsbüttel na 1914 sun tsufa, a Maris 2013 suka lalace, manyan jirage suka yi kwanaki ba su wuce ba, aka yi ta surutu a jaridu da majalisa, kuma sabon ɗaki na biyar ya ci fiye da shekara goma ana gininsa. Hamburg kanta, babbar tashar ƙasar, tana cikin tudu sama da kilomita 100 daga teku. Kogin Elbe ne ke kai jirage can, kuma ban taɓa shigarsa ban ga jirgin yasa na aiki ba.

A kan Elbe ɗin nan ne Kwara ke faɗo mini a rai. Mu ma kogi ya taɓa zama babbar hanyarmu. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 daga Baro, wani gari a bakin Kwara a jihar Neja ta yau, aka faro shi a 1907, kuma ta ruwa aka hauro da ƙarafunansa da kawunan jiragensa daga bakin teku. A Binuwai, da damina jiragen kaya har Yola da Garwa suke kaiwa. Da aka gina madatsar Kainji a 1968 an yi mata wurin ɗaga jiragen kaya, irin dabarar Panama ɗin nan, haka ma ta Jebba daga baya, don kada madatsa ta yanke hanyar da ta taso daga Gaya ta Nijar ta bi ta Yawuri ta gangara teku. Yaushe rabon da wani ya ji labarin jirgin kaya ya bi ta nan? 'Yan uwanmu na Nijar, da rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin 2023 ya tilasta wa kayansu dogon zagaye daga Lome ta Burkina Faso, su ne za su fi kowa sanin darajar wannan hanya da tana raye.

A Satumban 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin a Lakwaja, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro. A Janairun 2019 Muhammadu Buhari ya buɗe tashar Baro. Na yi murna da duka biyun, har yanzu kuma ina ganin niyyar mai kyau ce. Amma shekaru sun shuɗe ba a ga hada-hadar kaya a tashar ba, hanyar motar da ke zuwa wurin ta zama abin kuka, tsohon layin dogon kuma ya mutu. Ko da an gyara waɗannan, akwai abin da ya fi su. Kowa a ƙauye ya san rijiya ba a yashe ta sau ɗaya a ce an gama, duk shekara sai an shiga an kwashe abin da ya zuba. Kwara ma duk damina sai ta kwaso yashi ta sauya masa wuri, inda jirgi ya bi bara bana tudu ne. Yasar da aka yi sau ɗaya a matsayin kwangila, aka biya, aka kwashe injuna, damina biyu ko uku ta ishe ta komawa yadda take. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, mai hedikwata a Lakwaja tun 1997, ita ya kamata a ce tana da isassun jiragen yasa da ke kan ruwa rani da damina, da kasafin da ba ya yankewa, da masu awon zurfi da ke fitar da sanarwa duk mako.

Akwai masu cewa koginmu na ja baya da rani, don haka a bar maganar a yi titi da dogo. A yi su mana, ai kowanne na buƙatar ɗan uwansa. Amma ba wanda ya ce a kawo jirgin teku Baro. Jiragen dako masu shafaffen ciki ake nufi, waɗanda ba sa nitsewa da yawa. Guda ɗaya mai ɗaukar tan 1,500 ya ɗauke kayan tirela 50 masu tan 30, tirelolin da ke farfasa hanyar Mokwa da ta Lakwaja suna cin rayuka. Kogin Rhine ma ya ja baya ƙwarai a 2018 da 2022, masu jirage suka rage lodi, yawancinsu suka ci gaba da tafiya, domin kullum ana sanar da zurfin ruwa a Kaub, wani gari a bakin kogin a Jamus, kowa ya yi lissafinsa. Siminti da taki da hatsi ba sa gaggawa.

Kuma masana ruwan muna da su. Ina da kawu da ya tsufa yana tuƙa jirgin kasuwa a tabkin Kainji. Launin ruwa kawai zai duba ya gaya maka inda yashi ya taru, ya san inda kututturan itatuwan da tabki ya shanye suke laɓe, ya san bambancin cikar damina da cikar da ke isowa daga Mali lokacin sanyi. Da na je gida na nuna masa hoton bidiyon Panama a waya, bai damu da ƙofofin ba. Fitilun ja da kore da ke yawo a kan ruwa ya nuna da yatsa, ya ce, “Ɗana, waɗannan wa ke sa su?” Na ce, “Kawu, hukuma ce, kuma in guda ta mutu a daren ake aikowa a gyara.” Ya jinjina kai ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an sa alama a kan kututture ko ɗaya ba, sai dai wanda ya sani ya gaya wa ɗansa. Ilimin da ke kansa irin na jagoran Suez ne, sai dai babu wanda ya rubuta shi a taswira, babu makarantar da ta kira shi ya koyar, babu takardar da ta shaida shi. Ranar da ya kwanta dama, da abinsa zai tafi.

Sakacin nan rayuka yake ci. A Mayun 2021 jirgi ya kife a kusa da Wara ta jihar Kebbi da 'yan kasuwa maƙil, a Nuwamban shekarar aka rasa yara 'yan Islamiyya a Bagwai ta Kano, a Yunin 2023 fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka halaka a Patigi. Allah ya jiƙansu da rahama. Dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare ba fitila, tsohon katako, ba rigar ruwa, ga kututture ba alama. A jirgin da nake aiki ba a barin ko mai dafa abinci ya hau sai ya yi kwas ɗin ceton rai da kashe gobara, kuma akwai layi a jikin jirgi da doka ta hana lodi ya nitsar da shi. Zana irin wannan layi a jikin jirgin katako fenti kawai yake buƙata, da mutum ɗaya a bakin mashaya mai ikon cewa a sauke buhu goma. Sarakunan ruwa da sarakunan jirgi suna nan a garuruwanmu, jama'a na jin maganarsu. A ba su horo da albashi da hurumi a hukumance, a ga ko ba za a samu sauƙi ba.

Sai maganar samarinmu. A jirage Filifinawa ne da Indiyawa da mutanen gabashin Turai suka cika ko'ina, 'yan Najeriya kaɗan ne, mai jin Hausa kuwa sai an tona. Ba rashin kai ne ya jawo ba. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa da aka kafa a 1959, wanda a jiragensa manyan kyaftin-kyaftin ɗinmu suka koyi aiki, an rushe shi a 1995. Yaro zai gama makarantar koyon aikin teku ta Oron a Akwa Ibom da sakamako mai kyau, amma ƙa'idar duniya ta ce sai ya yi wata 12 a kan jirgi yana koyo kafin ya zauna jarrabawar zama jami'i, jirgin kuwa babu. Na san waɗanda suka yi shekaru suna yawo da takardu a Legas har suka haƙura suka kama wata sana'a. Aikin ba hutu ba ne, ban ɓoye wa kowa ba. Wata shida ko tara ba ka ga iyalinka ba, suna da jana'iza duk a waya, alƙibla ma sai ka duba kamfas kowace salla domin jirgi ya juya. Amma sana'a ce ta halal mai albarka, kuma daga cikin masu yin ta ne ƙasa ke samun jagororin tashoshinta da kogunanta. Uban da ɗansa ke sha'awa ya tabbata yaron ya riƙe lissafi da fiziks da Turanci, a kuma gwada idonsa tun da wuri, domin wanda ba ya bambance ja da kore ba a ɗaukarsa ɗakin tuƙi. Gwamnonin Kebbi da Neja da Adamawa da Taraba, masu kogi a ƙofar gida, in za su tura yara wannan karatu, su sa kuɗin wata 12 na kan jirgi a cikin tallafin tun ranar farko, a kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai ɗauke su kafin su gama aji.